Tun Ran Gini Ran Zane: A Daina Toshe Hanyoyin Sababbin Unguwanni

Wata rana na je yi wa wani abokina barka da tarewa a sabon gidansa da ke gefen gari. Da mota ta sauke ni a bakin babban titi sai na kira shi a waya, ya ce in ɗaga kaina sama. Ina ɗagawa na hango shi a saman bene yana ɗaga mini hannu, kusa ƙwarai, har launin rigarsa ina gani. Da zan yi jifa da tsakuwa, da ta faɗa tsakar gidansa. Sai dai akwai katanga a tsakaninmu, kuma ba ta da ƙofa ta wannan ɓangaren. Haka na bi gindinta na miƙa, na kewaye wani rukunin gidajen da shi ma ya ja tasa katangar, na shiga ta ƙofa guda tilo da unguwar take da ita, na faɗa wani layi mai shuke-shuke gwanin sha'awa wanda ya kai ni jikin bangon wani gida ya tsaya cak. Na juyo, na kama wani layin. Kafin in ƙwanƙwasa ƙofarsa na ci minti ashirin da biyar ina tafiya.

Muna zaune ya nuna mini makarantar 'yarsa ta taga. Ga rufin ajujuwan nan ana gani, in yara sun fito wasa har hayaniyarsu ana ji. Amma yarinyar ba ta taɓa zuwa da ƙafarta ba, domin hanyar da za ta bi sai ta fita babban titi inda manyan motoci suke gudu. Kullum da safe sai ya tayar da mota ya kai ta, ya bi sahun motocin maƙwabtansa da su ma suke jiran fita ta ƙofar nan guda. Ya ba ni labarin ne kamar yadda mutum yake kukan zafin rana, abin da ba shi da magani. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, don na san hannun mutum ne ya yi shi. Wani ne ya zauna da takarda da alƙalami ya zana layin ya ƙare a jikin bango, wani kuma ya sa hannu ya amince.

Ra'ayina a kan wannan al'amari ba shi da kwana-kwana. Inda titi zai bi, da inda zai haɗu da ɗan'uwansa, hukunci ne da ya fi ƙarfin mai sayar da fili shi kaɗai, ya kuma fi ƙarfin mutanen da za su fara zama a wurin. Haƙƙin jama'a ne, har da jama'ar da ba a haifa ba tukuna. Hukumar da ta zuba ido ana yanka filaye kowa yana toshe nasa, ta ci amanar da ta fi kowace amanar birni daɗewa.

Na ce daɗewa, domin a nan ne yawancinmu muke kuskuren lissafi. Mukan ɗauka gini ne abu mai ɗorewa, titi kuwa fili ne kawai da aka bari tsakanin gine-gine. Tarihi ya nuna akasin haka. Gida yakan tsufa a rushe shi a tayar da bene, bene ya zama kanti, kanti ya zama asibiti, amma layin da ke gabansu yana nan inda aka fara shata shi. A shekarar 1666 gobara ta yi kwana huɗu tana ci a Landan, ta lashe gidaje sama da 13,000. In akwai ranar da za a iya sake zana birni daga farko, to wannan ce. Mai zanen gine-gine Christopher Wren bai yi nauyin ƙafa ba, cikin 'yan kwanaki ya kai wa Sarki Charles na Biyu taswirar sabon birni mai faffaɗan tituna a miƙe. Ba a yi aiki da ita ba. Kowane mai fili ya san iyakarsa ko da toka ce ta rage a kai, kowa yana gaggawar ya sake gini ya koma neman abincinsa, kuma babu kuɗin biyan diyyar kowa. Aka ɗan faɗaɗa wasu hanyoyi, aka mayar da birnin a kan tsofaffin layukansa. A Dimashƙa kuwa, miƙaƙƙen titin da aka shata tun zamanin Rumawa har yau shi ne ya ratsa tsohon birnin daga gabas zuwa yamma, bayan dauloli sun zo sun shuɗe.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gefen kowane titi iyaka ce ta ɗaruruwan filaye, kowane fili da takardarsa, da magadansa, wani da bashin banki a kansa. A ƙarƙashin titin ga bututun ruwa, ga magudanar ƙazanta, ga wayoyi. Sauya gida ɗaya yarjejeniya ce da mutum ɗaya. Huda titi a cikin ginanniyar unguwa kuwa rigima ce da kowa da kowa. An yi hakan a Paris tsakanin 1853 da 1870, lokacin da Haussmann, jami'in da ke mulkin birnin, ya rushe dubban gine-gine ya fasa manyan hanyoyi a tsakiyar birnin, amma sai da ya samu goyon bayan sarki mai cikakken iko, Napoleon na Uku, ya kori talakawa masu yawa daga matsugunansu, ya kuma bar wa birnin bashin da ya zama sanadin sauke shi daga muƙaminsa. Ba kowane birni ne zai iya wannan ba, kuma ba na fatan kowane birni ya yi.

To ina duniya ta dosa da titunan da take shatawa yau? Wasu masana biyu, Christopher Barrington-Leigh na Jami'ar McGill a Kanada da Adam Millard-Ball, sun daɗe suna bin wannan tambaya. Hanyar awonsu mai sauƙin fahimta ce. A dubi kowace mahaɗa a ƙirga hanyoyi nawa suka haɗu a wurin: huɗu ne, uku ne, ko kuwa lungu ne da ba ya ɓullewa? A kuma duba tsawon kewayen da mutum zai yi kafin ya isa wurin da yake hange da ido. A binciken da suka wallafa a 2020 sun auna tituna masu tsawon kusan kilomita miliyan 46 da ke cikin OpenStreetMap, taswirar duniya da jama'a suke zanawa a intanet, suka gwama da hotunan tauraron ɗan'adam don gane lokacin da aka gina kowane yanki. Abin da suka gano shi ne, a kashi 90 cikin 100 na ƙasashe 134 mafiya yawan jama'a, titunan sababbin unguwanni sun ragu wajen haɗuwa da juna tun daga 1975. Kudu maso gabashin Asiya na cikin wuraren da abin ya fi muni, kuma duk wanda ya kalli taswirar Bangkok, babban birnin Thailand, zai ga dalili: dogayen lunguna ne suke fitowa daga babban titi kamar haƙoran mataji, da yawansu ba sa ɓullewa ko'ina. Japan da wasu ƙasashen arewacin Turai sun riƙe haɗewar hanyoyinsu fiye da sauran.

Akwai wani abu a binciken da ya fi waɗannan alƙaluma tayar mini da hankali. Wurin da aka fara shi da toshewa, sababbin unguwannin da ake ƙarawa a gefensa su ma sukan zo a toshe. Hankali ma zai ba da haka. Idan maƙwabcinka ya juya maka baya da katanga, kai da wa za ka haɗa titinka? Sannan mutanen da suka saba da fita a mota ko gishiri za su saya, su ne za su nemi a gina musu unguwa ta gaba yadda mota take so. Kuskuren yana haihuwa.

Amurka tana cikin ƙasashen da suka fi yin nisa a wannan tafiya, don haka labarinta ya cancanci a tsaya a kansa. A 1811, lokacin da mutanen New York ba su kai 100,000 ba, kwamitin da aka naɗa ya fitar da taswirar tsibirin Manhattan mai manyan hanyoyi 12 daga kudu zuwa arewa da tituna 155 masu ratsa su. Mafi yawan wurin a lokacin gonaki ne da duwatsu da fadamu. Wani matashi mai awon ƙasa, John Randel, ya shafe shekaru yana bi gona-gona yana kafa duwatsun shaida da ƙarafa a inda mahaɗun za su kasance, masu gonaki suna korarsa, wasu suna tumɓuke alamomin. An ɗauki shekaru da dama kafin gine-gine su cike taswirar, amma duk wanda ya zo gini ya tarar da wurin titi a keɓe. Bayan ƙarni biyu, birnin ya sauya daga keken doki zuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa da dogayen benaye, duk a kan waɗancan layukan.

Zuwan mota ne ya juya tunanin masu tsara birane. Motoci sun riƙa kashe yara a kan tituna, kuma damuwar gaskiya ce. A 1929 Clarence Stein da Henry Wright suka gina unguwar Radburn a jihar New Jersey, inda gidaje suke kewaye da gajerun lunguna marasa ɓullewa don kada mota ta ratsa. Amma akwai rabin tsarin da aka manta da shi daga baya: a Radburn kowane lungu yana da hanyar ƙafa a bayansa da ke haɗa shi da lambu da makaranta, har da hanyar da ke bi ta ƙarƙashin titi. Motar aka tsare, mutum an bar masa hanya a buɗe. Da aka kafa hukumar lamunin gidaje ta tarayya a 1934, ƙa'idojinta suka fifita lanƙwasassun layuka da lunguna marasa ɓullewa a kan tsarin raga, wato layukan da ke ratsa juna, magina kuwa suna buƙatar amincewarta kafin masu saye su samu bashi. Sai suka ɗauki lungun suka yar da hanyar ƙafar, domin lungu yana rage kuɗin kwalta, hanyar ƙafa kuwa tana cin fili. Dokar manyan hanyoyin tarayya ta 1956 ta ƙara buɗe dazuzzuka da gonaki masu nisa ga magina. Waɗancan masanan biyu, a wani bincikensu na 2015, sun nuna cewa toshewar sababbin titunan Amurka ta yi ta hauhawa har ta kai ƙololuwa wajen 1994, sannan ta fara sauka a hankali. Wato ƙasar da ta koya wa duniya wannan salo ta fara juyowa, yayin da masu koyi suke ƙara wuta. Kuma abin da aka riga aka gina a waɗancan shekaru yana nan daram.

Ba na zargin mai fili da mugunta. Lissafinsa a bayyane yake. Duk mitar da ya bar wa titi, mita ce da ba zai sayar ba. Idan ya bar layinsa ya ɓulla zuwa filin maƙwabci, ya yi asarar fuloti guda ko biyu, ribar kuma ta tafi ga wasu. Idan ya ja katanga ya sa ƙofa ɗaya da mai gadi, farashin gidajensa ya tashi. Kowane magini, shi kaɗai, ya yi dabara. Amma idan magina ɗari suka yi dabarar a jere, abin da zai fito ba birni ba ne mai aiki. Tsarin hanyoyin ya zama kamar bishiya: ƙananan rassa suna zuba cikin manya, manya suna zuba cikin kututture guda. Duk wanda zai je ko'ina, ko da gidan da ke bayan katangarsa ne, sai ya bi ta kututturen. Tsarin raga kuwa, irin ta masunta, in zare ɗaya ya tsinke akwai goma da za su ɗauki nauyin.

Daga nan ne cunkoson da ake ta kuka da shi yake samo asali. Mutane sukan ce titi ya yi kaɗan, a faɗaɗa shi. A faɗaɗa, bayan 'yan shekaru ya sake cika, domin har yanzu shi kaɗai ne hanya. Mota ɗaya ta lalace ko ruwa ya ci kwalbati, rabin gari ya tsaya. Motar bas ba za ta iya shiga kowane lungu ta juyo ba, sai ta tsaya a babban titi, wanda kuma yake nesa da ƙofar kowa saboda kewaye, sai fasinja su yi kaɗan, sai a ce ai mutanen nan ba sa son bas. Motar kashe gobara da ta asibiti su ma ta ƙofar nan guda za su shiga. Ko bututun ruwa ya fi lafiya idan ya zagaya ya haɗu da wani, domin wanda ya ƙare a lungu ruwa yakan kwanta a cikinsa, in kuma ya fashe duk na bayansa sun rasa.

Wanda ya fi shan wahala shi ne wanda ba a tambaye shi ba. Mai mota zai yi tsaki ya ƙara ɗan mai. Amma minti uku na mota minti ashirin da biyar ne na ƙafa. Tsohuwar da ta daina fita saboda nisan kewaye, yaron da ba zai iya zuwa gidan abokinsa ba sai an kai shi, mai keken guragu, mai aikin gida da take zuwa daga wata unguwa kullum kafin gari ya waye, su ne suke biyan kuɗin katangar da ƙafafunsu. Binciken da ake yi kan tafiya da ƙasa ya sha nuna cewa yawan mahaɗu a unguwa yana cikin abubuwan da suka fi sa mutane fita da ƙafa. Unguwar da ta tilasta wa kowa mallakar mota ta ɗora wa talaka harajin da ba a rubuta a ko'ina ba, ta kuma ɗora wa iska hayaƙin da zai ci gaba da tashi muddin layukan suna nan.

Yanzu bari in saurari abokina, domin yana da hujja kuma ba ta raini ba ce. Ya ce a lungunsa yara suna wasa a waje ba fargaba, baƙuwar fuska ana gane ta nan take, dare ya yi ana barci ba ƙarar inji. Ya ce mini hanyar lafiya a bi ta da shekara. Duk uban da ya taɓa fizgo ɗansa daga gaban mota zai fahimce shi, ni ma na fahimce shi. Sha'awar lungu mai sirri ma ta girmi mota nesa ba kusa ba. Tsofaffin birane irin su Fas a Maroko cike suke da gajerun lunguna da ke ƙarewa a ƙofar 'yan gidaje. Sai dai a can lungun taku kaɗan ne, ka fito ka faɗa hanyar da ta ratsa gari, kuma komai na rayuwa yana kusa.

Amsata ga abokina ita ce, abin da yake gudu gudun mota ne, kuma ana iya tsare mota ba tare da an ɗaure mutum ba. A 1977 birnin Groningen na ƙasar Holan ya raba tsakiyarsa gida huɗu. Mai mota ba zai tsallaka daga wannan yanki zuwa wancan kai tsaye ba, sai ya fita hanyar zobe da ta zagaye tsakiyar birnin ya kewayo. Mai keke da mai ƙafa kuwa su wuce abinsu a miƙe. Garin Houten, kusa da Utrecht, an gina shi ne gaba ɗaya a kan wannan tunani, kuma yara ƙanana suna zuwa makaranta a kan keke. A Barcelona, daga 2016, an fara haɗa rukunan gidaje tara-tara wuri guda ana hana motoci ratsa cikinsu, aka mayar da mahaɗu wuraren zama da wasa. Abin lura shi ne sun iya yin haka ne domin injiniya Ildefons Cerdà ya bar musu raga tun taswirarsa ta 1859, mai tituna masu faɗin mita 20 da ke haɗuwa kusan kowace mita 133. Wanda yake da raga yana da zaɓi: ya kafa turaku biyu na ƙarfe a bakin layi yau, ya cire su bayan shekara talatin in buƙata ta sauya. Wanda aka gina wa gida a ƙarshen layinsa ba shi da zaɓin komai sai rusau.

Maganar hatsari ma ba ta tsaya inda ake zato ba. Cikin lungun lafiya lau ne, amma mazauna lungun ba a ciki suke wuni ba. Kullum sai sun fita babban titin da aka tara wa motocin unguwanni goma, mai faɗi da gudu, kuma a irin waɗannan titunan ne ake mutuwa. Wesley Marshall da Norman Garrick sun kwatanta birane 24 a jihar Kalifoniya, suka tarar cewa waɗanda hanyoyinsu suka fi yawan mahaɗu sun fi ƙarancin mace-macen hatsarin mota. Batun ɓarayi kuwa, na yarda katanga tana ba na ciki kwanciyar hankali. Amma a dubi bayanta: doguwar hanya ba ƙofa ba taga, ba mai shago ba mai zama, inda mace take sauri in magariba ta yi. Tsaron da na ciki ya saya, na waje ne ya biya.

Kada a fahimce ni da cewa ina kiran kowane birni ya zama allon dara. Hanya tana iya lanƙwasa ta bi tudu da kwari, muddin za ta ɓulla. Kuma miƙewa kaɗai ba ta wadatar ba. Biranen ƙasar Sin da yawa suna da manyan tituna a miƙe sambal, amma tsakanin wannan da wancan sai a yi rabin kilomita, cikin kuma rufaffen rukunin benaye ne. A watan Fabrairun 2016 gwamnatin ƙasar ta fitar da umarnin cewa a daina gina rufaffun rukunai, a koma ga ƙananan tituna masu yawa, a kuma buɗe tsofaffin a hankali. Mazauna rukunan suka yi ca, suna cewa da kuɗinsu suka sayi filin da ke ciki. A jihar Virginia ta Amurka ma, a 2009 an sa doka cewa gwamnati ba za ta karɓi kula da titunan sabuwar unguwa ba sai sun haɗu da na maƙwabta, amma bayan shekara biyu aka sassauta ta. Duka labaran biyu suna nuna wahalar ƙwace abin da mutane suka riga suka ɗauka nasu ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kuma iccen yana ɗanye yanzu a mafi yawan duniya, wannan ne ya sa nake ganin maganar ta gaggawa ce. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke, kuma zuwa 2050 za su kai kashi 68, ƙarin mutum kusan biliyan 2.5, kusan kashi 90 cikin 100 nasu a Asiya da Afirka. Filin da birane suke ci kuma ya fi yawan jama'arsu saurin ƙaruwa. Aikin da Shlomo Angel na Jami'ar New York ya jagoranta a kan birane 200 ya nuna cewa tsakanin 1990 da 2015 mutanen biranen ƙasashe masu tasowa sun ninka biyu, amma faɗin biranen ya ninka kusan uku da rabi. Masanin birane Alain Bertaud ya taɓa jera Atlanta da Barcelona: a 1990 kowannensu yana da mutum miliyan biyu da rabi zuwa uku, amma Atlanta ta shimfiɗu a kan murabba'in kilomita 4,280, Barcelona kuwa 162. Titunan da jikokin wannan zamani za su taka, yawancinsu ba a shata su ba tukuna.

Wasu suna ganin maganin shi ne a ja wa birni layi a hana shi faɗaɗa. Ban yarda ba. Mutane za su zo ko an so ko an ƙi, in an hana su gini da izini su yi ba izini, ko su tsallake layin su tare can nesa. Abin da hukuma za ta iya, ko da aljihunta ba nauyi, shi ne ta riga gine-gine isa wurin. Shawarar Angel ita ce a keɓe filin manyan hanyoyi masu faɗin kamar mita 30, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kilomita ɗaya, tun wurin yana gona, lokacin da diyya take da sauƙi. Ba sai an zuba kwalta yau ba. A Habasha, daga 2013, biranen Hawassa da Adama da Bahir Dar da Mekelle sun gwada haka. A Valledupar ta ƙasar Kolombiya bishiyoyi aka dasa a jere a gefen hanyoyin da ba a gina ba tukuna, don kowa ya ga inda titi zai bi. A Peru, talakawan da aka tsugunar a hamadar Villa El Salvador a gefen Lima a 1971 sun fara da bukkokin tabarma, ba ruwa ba wuta, amma da shatattun layuka da filayen jama'a. Da bututu da kwalta suka zo bayan shekaru, sun tarar da wurinsu yana jira. Hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ba da shawarar a bar wa tituna aƙalla kashi 30 cikin 100 na filin sabuwar unguwa. Mai fili zai ga adadin ya yi yawa, amma fulotin da ke bakin hanya mai ɓullewa ya fi daraja, kuma a Japan da jihar Gujarat ta Indiya an daɗe ana haɗa filayen maƙwabta a cire rabon tituna, a mayar wa kowa ragowar da ta fi ta da tsada.

Tsakanin waɗannan manyan hanyoyi kuma, sharaɗin da nake so a ɗora wa duk mai neman izinin yanka fili ba shi da tsada. Kowane layi ya ɓulla, in ba don mota ba to don ƙafa da keke. A bar bakin hanya a kowace kusurwa ta filin, ko da abin da ke bayanta daji ne a yau, domin gobe unguwa ce. A ƙayyade tsawon katangar da za a ja ba tare da mashiga ba. Wanda yake son ƙofa da mai gadi ya sa su a bakin gidansa ko a ɗan ƙaramin rukuni, kada ya haɗiye hanyar da mutanen gari za su bi. Jami'in da ke duba taswira kuma ya daina kallon filin da aka kawo masa kamar tsibiri. Ya shimfiɗa ta kusa da ta maƙwabta ya ga ko layukan sun gaisa.

Na sake komawa gidan abokin nan bayan kamar shekara biyu. A wannan karon wani yaro ne ya nuna mini wata hanya. A can ƙarshen layin da ya taɓa mayar da ni baya, tsakanin gida na ƙarshe da katanga, an cire bulo biyar ko shida, an yi kafar da mutum zai sunkuya ya wuce. An taɓa liƙe ta da siminti, ga sabon shafen nan a gefe, an sake fasawa. A ɗaya ɓangaren ƙafafu sun kashe ciyawa sun fitar da siririyar turba mai santsi da ta nufi makarantar kai tsaye. Ina tsaye wata mata ta zo da jariri a baya da jaka a hannu, ta ajiye jakar ta cikin kafar, ta dafa kan jaririn don kada ya bugi bulo, ta sunkuya ta wuce.